Ma'anar kalmomin Turanci a tsohon ƙamus: amsa ga mai tambaya

Wa alaikumus salam. Ƙanena, in na fahimce ka daidai, ka sauke wani ƙamus na Turanci kyauta a wayarka irin wanda baya cin data, ka duba "computer" yace maka mutum ne mai lissafi, ka duba "nice" ya fara maka da wawa, "meat" yace abinci kowane iri, "malaria" kuma yace gurɓatacciyar iska ce, ga wasu alamomi irin Obs. da Prov. Eng. da suka cika shafin, shine kake tambaya ko ƙamus ɗin na bogi ne, kuma ko zaka iya shirin jarabawa dashi.

Toh ba na bogi bane, tsoho ne kawai. Daga waɗannan ma'anonin da ka kawo, ƙamus ɗin Webster ne bugun 1913 na Amurka. Shi ne masu haɗa manhajojin kyauta suke yawan kwasa su zuba, saboda haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, babu wanda zasu biya ko sisi, sai su sa masa sabon suna da hoto mai sheƙi su ƙi gaya maka shekarar. Kuma ko 1913 ɗin ma suna ne, yawancin abin da ke ciki daga bugun 1890 aka ɗauko shi aka ɗan yi ƙari. Kaga kenan Turancin da kake karantawa ya haura shekara 130.

Abu na farko da nake fara koya wa ɗalibai in zasu taɓa irin wannan ƙamus shine tsarin jera ma'ana. Ƙamus ɗin ɗalibai da muka saba dashi, irin Oxford na Hornby, ko ƙaramin Michael West ɗin nan da iyayenmu suka yi makaranta dashi wanda aka fara bugawa a 1935, ma'anar da aka fi amfani da ita suke kawo maka kai tsaye. Shi kuwa Webster da babban Oxford mai juzu'ai da yawa bin tarihi suke yi, lamba 1 itace ma'anar da ta fi tsufa, ko da kuwa ta mutu shekara ɗari biyar da suka wuce. Shi yasa ka ga wawa a saman "nice". Da ka duba ƙarshen layin zaka ga Obs., wato an daina amfani da ita. Archaic na nufin tsohon yayi amma ana iya cin karo da ita a waƙa ko takardun shari'a, Prov. Eng. karin harshen wani yanki ne na Ingila, Colloq. maganar hira ce ba ta rubutu ba, R. kuma ba kasafai ake jinta ba. In ka riƙe waɗannan rabin ruɗanin ya tafi.

Ita "nice" ɗin tafiyarta doguwa ce. Asalinta Latin ne, nescius, wanda bai sani ba, jahili. Ta biyo ta Faransanci ta shigo Turanci wajen shekarar 1300 da ma'anar wawa ko sakarai, daga nan ta koma mai yanga, mai tsirfa wajen ci da sutura, daga tsirfa ta koma mai tsantseni wanda baya barin ƙaramin kuskure ya wuce shi, sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 ta fara ɗaukar ma'anar abu mai daɗi da muka sani yau. Har yanzu in lauya ko malamin jami'a yace "a nice distinction" ba yana nufin bambanci mai daɗi ba, yana nufin bambanci siriri wanda sai mai lura zai gani. "Silly" kuma ta yi akasin wannan tafiya, ta taso daga sama ta gangaro: a tsohon Turanci mai albarka take nufi, 'yar'uwarta a Jamusanci selig har gobe haka take, sai ta zama marar laifi, daga marar laifi zuwa abin tausayi, zuwa rarrauna, ƙarshe ta tsaya a shashasha. "Awful" ma haka, da can abu ne mai kwarjini da ke cika zuciya da tsoro da girmamawa, irin siffar da ake ba sarki ko ranar hisabi, yanzu kuwa ko shayi ya yi salam sai a ce awful.

Akwai wani rukuni kuma da ma'anarsu ta tsuke, da suna da faɗi sai suka matse. "Meat" na cikinsu, abinci ne gaba ɗaya, shi yasa alewa da kayan zaƙi ake ce musu "sweetmeat" alhali babu ko tsoka a ciki. "Deer" kowace dabba ce kafin ta tsaya a kan barewa da danginta, "hound" kowane kare, "fowl" kowane tsuntsu, "starve" mutuwa ce ta kowace hanya kafin ta zama ta yunwa kaɗai, "girl" kuma a ƙarni na 14 yaro ne ƙarami mace ko namiji.

Amma wadda ta fi kada mutane a wannan rukunin itace "corn", kuma ita ba tsufa kaɗai bane matsalarta, har da ƙasa. A Ingila corn na nufin hatsin da aka fi nomawa a wurin, wato galibi alkama, a Sukotlan wani hatsi ne da suke kira oats, Amurkawa ne suka maida ita masara zalla. Saboda haka in ka karanta tarihin Birtaniya ka ga Corn Laws, dokokin nan da aka kafa a 1815 aka soke a 1846, rigima ce a kan harajin shigo da alkama da sauran hatsi da tsadar burodi, ba rigimar masara bace. Kuma wannan tsohuwar ma'anar ce ta sa Turawan da suka zo ƙasar nan suka ga dawa suka ce mata "guinea corn", wato hatsin ƙasar Gini, ba wai sun ɗauka masara bace.

"Computer" kuwa aiki ne kamar akawu. Tun farkon ƙarni na 17 kalmar take a Turanci, mutum ne da ake biya ya zauna da takarda da alƙalami yana buga lissafi, na taurari ko na jiragen ruwa ko na inshora. A ƙarshen ƙarni na 19 cibiyar nazarin taurari ta jami'ar Harvard ta ɗauki mata da yawa wannan aiki, cikinsu har da Henrietta Leavitt wadda bincikenta ya buɗe hanyar auna nisan taurari, kuma Katherine Johnson da ta yi lissafin tafiyar 'yan sama jannatin Amurka da wannan sunan aka ɗauke ta aiki a 1953. Injin ne ya zo daga baya ya gaji aikin ya gaji sunan. "Broadcast" ma in ka duba zaka ga galibi maganar gona ce a ciki, shukar watsi, manomi ya ɗebo iri a hannu ya watsa maimakon ya sara rami ya binne, sai da rediyo ta zo wajen 1920 aka ari kalmar, mu ma ai watsa ɗin muka ce. "Car" zaka ga keken doki da taragon jirgin ƙasa. "Manufacture" asalinta abin da aka yi da hannu, yau kuwa in an faɗe ta masana'anta ce ke zuwa maka a rai.

Ga wata da zaka iya gwadawa yanzu in kana da fasfo a gida. Buɗe shafin farko inda ake roƙon a bar mai ɗauke dashi ya wuce, zaka ga "without let or hindrance". Yaro ɗan sakandare zai ce "let" ai bari ne, ya za'a ce a bar shi ya wuce ba tare da bari ba? Kalmomi biyu ne daban da suka zo suka yi kama, ɗaya bari, ɗaya hanawa, ta hanawar ta mutu sai a nan da kuma wasan tanis inda ƙwallo ta taɓa raga alƙali yace let. "Prevent" ita kuma riga take nufi, ka riga wani isa wuri, daga Latin ɗin zuwa kafin wani, kuma in ka lura ma'anar yau daga nan ta fito, wanda ya riga ka isa ƙofa ai shi ke iya tare ta.

Inda tsohon ƙamus yake da haɗari da gaske ba waɗannan bane, fannin kimiyya da lafiya ne, don a nan ba kalmar ce ta sauya ba, ilimin ne ya wuce shi. "Malaria" daga Italiyanci take, mala aria, muguwar iska, saboda da can an yarda tururin da ke tashi daga fadama shi ke kawo zazzaɓin. Likitan Faransa Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a jini a 1880 a Aljeriya, Ronald Ross kuma ya nuna tana cikin sauro a 1897 a Indiya, amma ƙamus ɗinka yana nan a kan iskarsa tunda rubutun ya girmi binciken Ross. Haka "atom", zai ce maka ƙwayar da bata rabuwa, alhali tun 1897 J. J. Thomson ya gano akwai abin da ya fi ta ƙanƙanta a cikinta. Don Allah kar ka ɗauki ma'anar cuta ko magani ko sinadari daga wannan ƙamus ka kai aji, balle ka kai jikinka. Amfaninsa a nan ɗaya ne, ya fassara maka tsofaffin sunayen cuta in ka gansu a littafin tarihi ko rahoton Turawan mulki: "consumption" tarin fuka ne, "ague" masassara mai karkarwa, "dropsy" kumburin jiki, "falling sickness" farfaɗiya, "bloody flux" atini.

Lissafi ma akwai tarko. A tsohon tsarin Ingila "billion" miliyan sau miliyan ne, ba miliyan dubu ba, sai 1974 gwamnatin Birtaniya ta koma tsarin Amurka a alƙalumanta. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sun san wannan, su miliyar suke ce wa miliyan dubu, billion ɗinsu har yanzu babban ne. Galan ɗin Ingila lita 4.5 ne da 'yan kai, na Amurka bai kai lita 3.8 ba. "Score" 20 ne, "fortnight" sati 2, "sennight" sati 1, "stone" laba 14, "furlong" yadi 220. Kuɗi kuwa kakanninmu sun fi mu sani tunda sun kashe su kafin naira ta zo a 1973: sule 20 fam 1, kwabo 12 sule 1, sisi kwabo 6, taro kwabo 3. "Guinea" kuma sule 21 ce, an fara buga ta a 1663 da zinariyar da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma, daga nan ta samu sunan.

Sunayen sana'o'i ma sun cika shi, kuma yawancinsu yanzu sai dai a sunan dangi. "Cooper" mai haɗa ganga ta katako, "fletcher" mai yin kibiya, "chandler" mai kyandir, "farrier" mai sa wa doki takalmin ƙarfe, "cordwainer" baduku mai ɗinka takalma, sunan daga fatar birnin Kurɗuba ta Andalus. Tunda mun taɓo fata, in ka ga "morocco" da ƙaramin baƙi ba ƙasar ake nufi ba, jemammiyar fatar akuya ce mai laushi da ake yi wa littattafai bango da ita, kuma da yawa daga cikinta daga nan ƙasar Hausa ta taso, fatar jan akuyar Sakkwato, ayari ya ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan Maroko suka laƙaba mata sunansu.

Yanzu bari in ɗan koma baya, don Webster ɗinka jika ne a wannan gida. Ƙamus na farko na Turanci zalla Robert Cawdrey ya fitar dashi a 1604, kalmomi wajen 2,500 ne kacal, su ma masu wuya kaɗai. Wanda ya zama uba shine na Samuel Johnson na 1755, kalmomi sama da 42,000 da misalai sama da 100,000 da ya tsamo daga rubuce-rubucen magabata, shi da mataimaka 6 a wani ɗakin sama a Landan cikin kimanin shekara 9, alhali Faransawa sai da suka tara masana 40 suka kwashe sama da shekara 50 kafin nasu ya fito a 1694. Ni a ganina duk mai son Turanci ya kamata ya leƙa shi ko sau ɗaya, ba don ya koyi ma'ana ba, don ya ga cewa ƙamus mutum ne ke rubuta shi, da son ransa da haushinsa.

Dubi yadda ya fassara oats ɗin nan: yace hatsi ne da a Ingila dawaki ake ba, amma a Sukotlan shi ke riƙe da mutane. Tsokana ce tsagwaronta irin ta abokan wasa, kuma abin dariyar 5 daga cikin mataimakansa 6 'yan Sukotlan ne. "Excise" yace wani ƙazamin haraji ne abin ƙi da ake ɗorawa kan kaya. "Patron", wato uban gida mai ɗaukar nauyin marubuci, yace galibi wani taƙadari ne da ke taimako cikin wulaƙanci ana biyansa da fadanci, kuma kowa ya san da Lord Chesterfield yake, wanda ya yi watsi dashi shekara da shekaru sai da aikin ya kusa fitowa ya zo yana yabo. Ta fansho ce ta fi daɗi, yace a Ingila ana fahimtarta a matsayin ladan da ake ba karen farautar gwamnati don ya ci amanar ƙasarsa, toh a 1762 Sarki George na 3 ya yanka masa fansho na fam 300 a shekara, malam ya karɓe abinsa, maƙiyansa kuwa suka samu abin yi. Shi kansa mai rubuta ƙamus ya fassara shi da ɗan wahala marar cutarwa.

Kuma yana kuskure kamar kowa. "Pastern", wato sashen ƙafar doki da ke saman kofato, yace gwiwar doki ce, da wata mata ta tambaye shi ya aka yi haka sai yace jahilci ne baiwar Allah, tsantsar jahilci. Wani lokacin kuma fassarar ta fi kalmar wuya, "network" da ba komai bace illa raga ya bayyana ta da wasu kalmomin Latin da sai ka sake buɗe ƙamus ɗin sau uku kafin ka fito. Kalmomin da ya raina su ne suka fi bani dariya: "fun", "clever", "job", duk ya musu tambarin maganar 'yan tasha, "shabby" ma yace bai kamata a bar ta ta shigo harshen ba. Yau wa zai rubuta takardar neman aiki babu job? Shi yasa in tsohon ƙamus ya ce maka kalma kaza ƙasƙantacciya ce kar ka ɗauka hukuncin yana nan. In ka samu hoton ainihin bugun 1755 ɗin a intanet, lura da abu biyu, doguwar s da take kama da f, da kuma yadda ya cakuɗa I da J wuri ɗaya, U da V wuri ɗaya, in baka san haka ba zaka yi ta neman kalma kace babu ita.

Noah Webster nasa ya fito a 1828 da kalmomi wajen 70,000, kuma shi ya tsaya kai da fata sai Amurka ta yi nata rubutun, "color" babu u, "center" maimakon "centre". Wannan ya shafe ka kai tsaye, don makarantunmu rubutun Ingila suke bi, in ka haddace na manhajar nan zaka riƙa cakuɗa biyun. Bayanin asalin kalmomi na bugun farkon nan kuma kar ka yarda dashi, ya gina shi ne a kan tunanin cewa harsuna duk daga wani tsohon harshen Kaldiyawa suka fito, sai a bugun 1864 aka kawo wani masani Bajamushe mai suna Mahn ya sake aikin. Ko manyan ma suna tuntuɓe, bugun 1934 ya fito da wata kalma "dord" wai tana nufin nauyin abu gwargwadon girmansa, alhali babu ita a duniya, wata 'yar takarda ce aka rubuta D or d, wato ana gajarta wannan ma'ana da babban baƙi D ko ƙarami, wani ya karanta ta a haɗe, sai 1939 aka farga.

Wani abu kuma da zaka ci karo dashi, gara in gaya maka tun yanzu: in ka duba kalmomin da suka shafi addini ko baƙar fata zaka ga idon Baturen wancan zamanin ƙiri-ƙiri. Musulmi zaka ganshi a "Mahometan" ko "Mussulman", Alƙur'ani a "Alcoran", wasu bayanan kuma akwai raini a ciki. Waɗannan sunaye an daina su, kar ka ɗauko ɗaya ka sa a rubutunka wai kai ka samo babban Turanci.

Maganar jarabawa kuwa, a'a, kar ka yi shirin WAEC ko NECO ko JAMB dashi, musamman sashen nan na kalmomi masu kama da juna da masu kishiyantar juna, don nan ne zai kai ka ya baro, ka zaɓi ma'ana ta 1 alhali mai tambaya ta 7 yake nufi. Nemi Oxford ko Longman ko Cambridge na ɗalibai bugun kwanan nan, duk suna da shafi kyauta a intanet har da lafazi da misalin jimla. Amma kar ka goge wancan ɗin daga wayar. In kana ajin adabi aka haɗa ka da Shakespeare, a nan ne zai fi sabon amfani nesa ba kusa ba, shi zai gaya maka "wherefore" don me take nufi ba ina ba, "presently" nan take ce ba anjima ba, "want" sau da yawa rashi ne ba so ba, "cousin" kuma kowane ɗan'uwa ne na jini har ɗan wa da ɗan ƙane. Haka in wata rana bincike ya kai ka gidan adana tarihi na Kaduna kana karanta rahoton razdan ko di'o na zamanin Turawa, ko kana duba ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934 ka ga ya fassara kalmar Hausa da wani Turancin da baka taɓa ji ba, wannan tsohon ne zai warware maka. Kafin ka yarda da kowace ma'ana a ciki, gangara ka karanta lambobin duka har ƙasa, ka duba ko akwai Obs. a ƙarshen layin, sannan ka kwatanta da shekarar da aka rubuta abin da kake karantawa.